Gadar Morandi ta Jenowa: Rushewarta da Abin da Ya Biyo Baya a Kasuwa da Siyasar Italiya

Ranar Talata, 14 ga Agustan 2018, da ƙarfe 11:36 na safe, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya a birnin Jenowa da ke arewa maso yammacin Italiya, ginshiƙi na 9 na gadar Morandi ya ruguje, ya tafi da shimfiɗar titi mai tsawon mita 200 da ɗoriya. Motoci fiye da 30 suka rufta daga tsayin mita 45, wasu cikin rafin Polcevera, wasu kan layin dogo, wasu kan rumbunan masana'antu. Mutum 43 suka rasu. Jajiberin hutun tsakiyar Agusta ne, iyalai na kan hanyar bakin teku, shi ya sa akwai ƙananan yara cikin mamatan, akwai baƙi 'yan Faransa da Albaniya da Romaniya, akwai kuma ma'aikatan kwashe shara da gadar ta faɗo wa suna bakin aiki a ƙarƙashinta. Hoton da duniya ta gani a ranar shi ne na wata koriyar babbar mota ta kantin Basko, ta ci birki taku kaɗan daga inda titin ya yanke.

An gina sabuwar gada cikin shekara biyu. Raba hanyar da masu kamfanin da ke kula da ita ya ci kusan shekara huɗu, kuma ba ta hanyar da gwamnati ta yi alkawari aka rabu ba. Shari'ar mutuwar mutanen ba a ma buɗe ta ba sai 2022. Dalilin wannan bambanci yana cikin takardar yarjejeniyar da aka jinginar wa kamfanin hanyar. Ita ce ta sa aka bar gadar ta lalace, ita ce kuma ta ɗaure hannun gwamnati bayan da ta faɗi.

Inda tsatsa ta ɓuya

Injiniya Riccardo Morandi ne ya tsara gadar, aka gina ta daga 1963 zuwa 1967. Tsawonta ya haura kilomita ɗaya. A ɓangaren da ya ƙetare rafi da layin dogo da gidajen jama'a, manyan ginshiƙai uku ne ke ɗauke da ita, na 9 da na 10 da na 11, kowanne da hasumiya mai tsayin mita 90. Daga kan kowace hasumiya igiyoyi huɗu kacal suka sauko suka riƙe titin, biyu ta gaba biyu ta baya. Gadojin igiya na zamani suna da igiyoyi masu yawa, in ɗaya ta tsinke sauran su raba nauyinta kafin a gyara. A tsarin Morandi babu wannan rarar. Igiya ɗaya ta saki, nauyi ya karkata, titi da hasumiya su bi ta.

Kowace igiya ta ginshiƙi na 9 tana ɗauke da sili 352 na murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe masu ɗaukar nauyin titi, da wasu 112 da aikinsu shi ne matse kankaren da aka lulluɓe igiyar da shi. Tunanin Morandi shi ne kankaren zai hana ruwa da iska taɓa ƙarfen. Wannan kariya ba ta tabbata sai an ɗura ruwan siminti ya cike bututun da wayoyin ke ciki, ba a bar ko ɗan gurbi ba. A can saman hasumiya, inda igiyar ke lanƙwasa, ɗurin bai cika ba tun lokacin gini. Danshi ya samu wurin zama, ga iskar teku mai gishiri, ga hayaƙin masana'antar ƙarfe da ke kusa. Ƙarfen ya yi ta cin tsatsa a ciki, kankaren da aka sa don ya kare shi ya zama abin da ya ɓoye cutar daga idon mai dubawa.

Ba a ce ba a sani ba. Morandi da kansa ya rubuta a 1979 cewa iskar teku da hayaƙi na cin jikin gadar, kuma tana bukatar kulawa ba ƙaƙƙautawa. A farkon shekarun 1990 aka fasa kankaren igiyoyin ginshiƙi na 11, aka tarar da ɓarna mai yawa, aka ɗaura musu sababbin wayoyin ƙarfe ta waje. Duk injiniyan da ya ga haka a ginshiƙi ɗaya ya san abin da ya kamata: a fasa sauran biyun a wuri iri ɗaya, a zura kyamara, a auna kaurin ƙarfen da ya rage. Ba a yi wa ginshiƙi na 9 wannan aiki ba har ya faɗi. An dogara da awon da ake yi ta hanyar tura siginar lantarki cikin waya, wanda ba ya nuna ainihin yawan ƙarfen da ya zagwanye. A 2017 masana daga jami'ar Politecnico ta Milan suka auna yadda igiyoyin ke karkarwa, suka ce na ginshiƙi na 9 ba sa amsawa yadda ya kamata, a ƙara bincike. A Fabrairun 2018 wani kwamitin fasaha na ma'aikatar ayyuka ya duba tsarin gyaran da kamfanin ya kawo, wanda a cikinsa aka rubuta cewa kaurin wayoyin ya ragu da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Aka amince da gyaran, na kimanin Yuro miliyan 20, za a fara bayan bazara. Ba a rufe gadar ba, ba a rage layi ba, ba a hana manyan motoci hawa ba. A Disambar 2020 ƙwararrun da kotu ta naɗa suka kammala cewa tsatsar da ta cinye wayoyin saman igiyar kudu ta ginshiƙi na 9 ce ta kada gadar, kuma da an yi duba da gyara yadda ya dace, da wuya hakan ta faru.

Mai wuƙa da nama

An sayar wa 'yan kasuwa kamfanin manyan hanyoyin Italiya a 1999. Lokacin hatsarin, Autostrade per l'Italia na riƙe da kimanin kilomita 3,000 na hanyoyin da ake biyan kuɗin tolget, kusan rabin na ƙasar. Kashi 88 cikin ɗari na kamfanin mallakar Atlantia ne, ita kuma Atlantia iyalan Benetton ne ke juya ta. Kamfanin da ke duba lafiyar gadoji, Spea, shi ma na gidan ne. Wato mai karɓar kuɗin hanya, da mai biyan kuɗin gyara, da mai cewa gyara ya zama dole ko zai iya jira, duk aljihu ɗaya ne. Duk Yuron da ba a kashe a gyara ba riba ce. Ma'aikatar da ya kamata ta sa ido ba ta da isassun injiniyoyin da za su hau gada, sai dai ta karanta rahoton da aka aiko mata.

Kwamitin binciken ma'aikatar ya fitar da lissafin da ya fi kowane bayani fito da lamarin fili. Daga 1982 zuwa ranar rushewa, an kashe kimanin Yuro miliyan 24.6 wajen gyaran ƙashin gadar, kuma kashi 98 cikin ɗari na kuɗin an kashe su ne kafin 1999. Bayan nan abin da ake kashewa bai wuce kimanin Yuro 23,000 a shekara ba, a kan gadar da motoci kusan miliyan 25 ke bi duk shekara. A 2023 Gianni Mion, wanda ya daɗe yana shugabantar kamfanin jarin iyalan Benetton, ya shaida wa kotu cewa tun a wani taro na 2010 aka faɗa cewa gadar na da aibi a tsarinta, da ya tambayi wa ke tabbatar da lafiyarta aka ce masa su da kansu ne. Ya ce bai yi komai a kai ba, kuma yana nadama.

Birnin da aka raba biyu

Jenowa doguwar tsiri ce tsakanin teku da duwatsu, ba ta da faɗin da za a yi hanyoyi barkatai. Gadar ce ke haɗa gabashin birnin da yammacinsa, ita ce ke haɗa hanyar da ta fito daga Faransa da wadda ta nufi Milan, kuma ita ce manyan motoci ke bi tsakanin ɓangarori biyu na tashar jiragen ruwa, wadda ita ce kan gaba a Italiya wajen shigi da ficen kwantena. Da ta faɗi, tirela da motar ma'aikaci da bas ɗin makaranta duk suka koma titunan cikin gari na bakin teku. Direban da ke son kauce wa cunkoson sai ya zagaya ta bayan duwatsu, ƙarin tafiyar fiye da kilomita 100. Ɓaraguzan kuma sun toshe layukan dogon da ke fitar da kaya daga tsohuwar tashar, ba a sake buɗe su ba sai farkon Oktoba.

Asarar mai motar haya ba ta tsaya a kuɗin mai ba. Direban da ke sawu uku a yini tsakanin tasha da rumbu ya koma biyu ko ɗaya, dokar awannin tuƙi kuma ba ta ɗaga masa ƙafa. Kwantenar da ta makara ta rasa jirgi, a biya kuɗin ajiya. Babban abin tsoron shi ne kamfanonin jiragen ruwa su saba da wata tashar, domin wanda ya sauya zango ba ya saurin dawowa. Shi ya sa matakin da ya fi amfani a watan farko ba babba ba ne a ido: an ratsa filin masana'antar ƙarfe ta Ilva aka buɗe wa manyan motoci hanya tasu, Via della Superba, a Satumbar 2018, aka raba su da motocin gari.

Ƙananan 'yan kasuwa ne suka fi jin jiki. Unguwar Certosa, wadda ke arewa da gadar, ta wayi gari an rufe titunan da ke haɗa ta da tsakiyar birni. Mai gidan burodi da mai shagon kayan gini ba abin da ya faɗo musu, amma masu saye sun daina zuwa. Cibiyar 'yan kasuwa ta Jenowa ta tattara koken kamfanoni fiye da 1,400, da asarar da suka lissafa ta kai kimanin Yuro miliyan 422. Mutum kusan 600 aka kwashe daga gidajen da ke ƙarƙashin ragowar gadar, yawancinsu a titin Porro. Sai bayan wata biyu aka bar su shiga ɗaukar kaya, na ɗan lokaci ƙayyadadde, 'yan kwana-kwana na biye da su, na'urori na auna motsin ginshiƙin da ke saman rufinsu.

Dokar gaggawa ta Jenowa, wadda aka fitar ranar 28 ga Satumba, majalisa ta tabbatar a Nuwamba, ta yanka farashin sayen gidajen a kan Yuro 2,000 da 'yan kai kowace murabba'in mita, da ƙarin diyya a dunƙule. Yanka farashin a cikin doka ya hana a yi shekaru ana jayayya gida-gida. Dokar ta ware wa masu manyan motoci Yuro miliyan 20 na 2018, ta kuma yi sassaucin haraji ga kasuwancin da cinikinsa ya faɗi da kashi 25 cikin ɗari ko fiye. Inda aka samu matsala shi ne kan iyaka: mai shagon da ke taku kaɗan a wajen layin da aka shata, ko wanda cinikinsa ya faɗi da kashi 20, ya ji zafi iri ɗaya amma bai cika sharaɗi ba.

Alkawarin soke yarjejeniya

Gwamnatin firaminista Giuseppe Conte, haɗakar jam'iyyar Taurari Biyar da Lega, watanta biyu da rabi kacal a kan mulki. Kashegarin hatsarin Conte ya sanar cewa za a fara shirin ƙwace hanyoyin daga hannun Autostrade, ba sai an jira kotu ba. Da kasuwa ta buɗe ranar 16 ga Agusta, hannun jarin Atlantia ya faɗi da kashi 22 cikin ɗari a yini ɗaya. Kamfanin ya yi tayin Yuro miliyan 500 da sabuwar gadar ƙarfe cikin wata takwas, mataimakin firaminista Luigi Di Maio ya ce ba sa karɓar sadaka. Shugaban Lega, Matteo Salvini, ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan ƙa'idojin kasafin kuɗi na Tarayyar Turai, hukumar Tarayyar ta mayar da martani da lissafin kuɗin da ta ware wa hanyoyin Italiya. 'Yan adawa kuma suka tono cewa Taurari Biyar ta daɗe tana adawa da Gronda, hanyar zagayen da aka tsara don rage wa gadar nauyi. A jana'izar ƙasa ta ranar 18 ga Agusta iyalai da dama sun ƙi kawo gawarwakin 'yan uwansu, suka binne su a garuruwansu.

Daga nan aka ci karo da takarda. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 2007 zamanin firaminista Romano Prodi, majalisa ta mayar da ita doka a 2008 zamanin Silvio Berlusconi, ta bai wa kamfanin hanyoyin har 2038. A ciki akwai sharaɗin cewa ko da laifin kamfanin ne ya sa aka soke, sai gwamnati ta biya shi kwatankwacin ribar da zai samu a shekarun da suka rage, a cire tara kaɗan. Lissafin ya kai wajen Yuro biliyan 23. Bayanan kuɗi na yarjejeniyar ma a ɓoye suke, sai ƙarshen Agustan 2018 aka wallafa su. Gwamnati ta shiga halin gaba kura baya sayaki: ta soke ta biya wanda take zargi dukiya mai yawa, ko ta fasa ta ci amanar alkawarin da ta yi a gaban gawarwaki.

A Disambar 2019, bayan Taurari Biyar ta sauya abokin haɗaka zuwa jam'iyyar PD, aka saka wani sashe a wata doka da ya rage diyyar sokewa zuwa kimanin Yuro biliyan 7. Nan take hukumomin auna ƙarfin biyan bashi suka sauke darajar Atlantia da Autostrade zuwa rukunin masu haɗari, rance ya yi wa kamfanin wuya. Wannan ya ba gwamnati ƙarfin ciniki, amma ya nuna iyakar barazanar. In kamfanin ya durƙushe da bashin biliyoyi, ga dubban ma'aikata, ga masu ƙananan hannun jari irin su Allianz na Jamus da asusun Silk Road na Sin, ƙarar da za ta biyo baya da kula da kilomita 3,000 duk kan gwamnati za su dawo.

A daidai lokacin ne binciken masu gabatar da ƙara ya nuna cutar ba ta gada ɗaya ba ce. A Satumbar 2019 aka ɗauki mataki kan wasu ma'aikata bisa zargin sauya rahoton lafiyar wasu gadoji, a watan ne kuma shugaban Atlantia, Giovanni Castellucci, ya sauka da kuɗin sallama kimanin Yuro miliyan 13. A ƙarshen Disamba wani ɓangaren rufin ramin Bertè da ke hanyar A26 ya faɗo kan titi. Aka shiga duba ramuka gaba ɗaya, a bazarar 2020 yankin Liguriya ya sha cunkoson da ya kai kilomitoci, masu otal da masu jigila suka sake tafka asara. Gyaran da aka jinkirta shekaru aka zo yi lokaci guda.

A tsakiyar Yulin 2020, bayan zaman majalisar ministoci da ya kai asuba, aka sasanta: ba za a soke ba, Autostrade zai ɗauki nauyin Yuro biliyan 3.4 na diyya da ayyuka da ragin kuɗin hanya, Atlantia kuma za ta fita. Cinikin bai kammala ba sai Mayun 2022, zamanin Mario Draghi. Bankin jari na gwamnati, Cassa Depositi e Prestiti, ya ɗauki kashi 51 na kamfanin da ya sayi hannun jarin Atlantia, kamfanonin jari na Blackstone da Macquarie kowanne 24.5, aka biya Atlantia kimanin Yuro biliyan 8.2. Ta fuskar lissafin baitulmali ana iya kare wannan mataki, domin ya kauce wa ƙarar da ba a san ƙarshenta ba. Amma iyalan mamatan da suka kira shi cin fuska ba su yi kuskure ba. An yi musu alkawarin hukunci, abin da suka gani shi ne ciniki. Atlantia ta fice daga kasuwar hannun jari a ƙarshen 2022, ta sauya suna zuwa Mundys a 2023.

Sabuwar gada

Abin da ya yi sauri shi ne ginin. An naɗa magajin garin Jenowa, Marco Bucci, kwamishina na musamman a Oktoban 2018, da ikon tsallake ƙa'idojin ba da kwangila in ban da dokar manyan laifuka, da dokar yaƙi da Mafiya, da abin da Tarayyar Turai ta wajabta. Doka ta hana Autostrade taɓa aikin amma ta ɗora masa biya, kotun tsarin mulki ta tabbatar da hakan a Yulin 2020. Mai zanen gine-gine Renzo Piano, ɗan asalin birnin, ya ba da zane kyauta. Kamfanonin Salini Impregilo da Fincantieri suka karɓi ginin a kan Yuro miliyan 202.

Rusau da gini tare aka yi su. An fara sauke tsofaffin sassa a Fabrairun 2019 da jak masu ƙarfi. An so tarwatsa ginshiƙi na 8 da nakiya, aka gano ɓurɓushin asbestos, ma'adinin da ƙurarsa ke cutar da huhu, a kankarensa, aka koma yanka shi gunduwa-gunduwa. Na 10 da na 11 an kada su da nakiya ranar 28 ga Yuni, bayan an kwashe fiye da mutum 3,000, aka tanadi ruwa mai yawa don danne ƙura. Sabuwar gadar, Genova San Giorgio, tsawonta mita 1,067, ginshiƙai 18, ba igiya ko ɗaya. Cikin shimfiɗarta ta ƙarfe fili ne da mutum zai shiga ya duba, da na'urar busar da danshi, da na'urorin awo, da mutum-mutumin inji masu bin gefenta suna ɗaukar hoto. Aikin bai tsaya ba ko lokacin kullen korona. An ɗora sashen ƙarshe ranar 28 ga Afrilun 2020, aka gwada ta da tireloli 56 masu tan 44 kowacce, aka ƙaddamar ranar 3 ga Agusta. Tun da ba a soke yarjejeniyar ba, Autostrade aka miƙa wa ita. Kwamitin iyalan mamatan bai halarci bikin ba.

'Yan siyasa suka riƙa kiran wannan "tsarin Jenowa", suna so a yi kowane babban aiki haka, kuma Bucci ya sake cin zaɓen magajin gari a 2022, ya zama shugaban yankin Liguriya a 2024. Sai dai sharuɗɗan da suka sa aikin ya yi sauri ba kasafai suke haɗuwa ba. An san mai biya tun ranar farko, hanyar tana nan inda take ba sabon fili ake nema ba, zane ya zo kyauta, kuma ba wanda zai fito ya ce ba ya son gadar. Ɗaukar ikon tsallake ƙa'ida kaɗai a kai shi wani aikin da ba shi da waɗannan, haɗarinsa ya fi amfaninsa.

Sauyin da ya fi muhimmanci bai yi amo ba. An kafa hukumar ANSFISA mai sa ido kan lafiyar hanyoyi da layukan dogo, an buɗe rumbun bayanan gine-ginen gwamnati na ƙasa, a 2020 kuma aka fitar da ƙa'idar duba tsofaffin gadoji mataki-mataki: a ƙidaya su, a duba da ido, a sa kowace a ajin haɗarinta, mai babban haɗari a yi mata cikakken lissafi, in ta gaza a rage mata nauyi ko a rufe. Duba hanyoyin Autostrade kuma an karɓe shi daga Spea an bai wa kamfanonin waje.

An buɗe shari'a ranar 7 ga Yulin 2022 da mutum 59 a gaban kotu, tsofaffin shugabanni da injiniyoyin Autostrade da Spea da jami'an ma'aikatar ayyuka. Kamfanonin biyu sun riga sun sasanta da masu gabatar da ƙara a kan kimanin Yuro miliyan 30, suka fita daga shari'ar. A Afrilun 2025 kotun ƙoli ta tabbatar wa Castellucci ɗaurin shekara shida, amma a wata shari'ar daban, ta bas ɗin da ya faɗo daga gadar Acqualonga kusa da Avellino a 2013 ya kashe mutum 40. A ranar cika shekara bakwai da rushewar gadar Morandi, 14 ga Agustan 2025, kotun Jenowa ba ta kai ga yanke hukuncin matakin farko ba.